Ruwan Da Inna Ta Hana Ni Shiga

Katsina

Ana idar da sallar asuba na saɓa jakata na fito daga gidanmu da ke Ƙofar Ƙaura, wata Lahadi a farkon damina. Sunana Lawal, ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a cikin gari. Na daɗe ina zana wa yara teku a allo, ina gaya musu cewa ruwan saman da ke jiƙa gonakin Batagarawa daga can yake tasowa, alhali ni kaina ruwa bai taɓa wuce mini idon sawu ba. Sai Allah ya kawo wani shiri na karatu a cikin jirgin ruwa, inda ɗalibai daga ƙasashe daban-daban za su zauna zango guda suna nazarin teku da iska da damina. Da wasa na nema, su kuwa suka ɗauke ni da gaske. Aka ce mu haɗu a tsibirin Sawo Tome, a sauke mu a wani wurin shaƙatawa na bakin teku kafin jirgin ya tashi.

Sai na gaya wa mai karatu abu biyu game da gidanmu, in ba haka ba sauran labarin ba zai shige shi ba. Na farko, ni ne ɗan fari. Inna Bafulatana ce, an haife ta a wata ruga bayan Batagarawa, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada, ba ragi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ne "wancan". Ba ta taɓa duban idona ta yi mini magana ba. Gwaggo Habi, yayar marigayi mahaifina, ita ta yaye ni, ita ce kuma ke ɗaukar magana tsakanina da Inna. In ba ta kusa, sai ƙanwata Murja, wadda ke ɗinki a cikin gida.

Na biyu, Inna tana da ƙane mai suna Sambo. Tana budurwa ruwa ya ci shi a gabanta, suna ƙetare gulbi da shanu cikin damina. Tun daga nan babu ɗan gidanmu da ya isa ya raɓi kududdufi.

Ana gobe zan tashi aka kira ni tsakar gida. Na durƙusa gefe. Inna ta juya wajen Gwaggo ta ce, "Yaya, ki ce ma wancan na yarda ya tahi, tunda kin ce jirgin kamar gidan bene yake. Amma ƙahwarshi kada ta shiga ruwan nan. Ko da wasa."

Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ka dai ji."

Na ce, "Ki ce mata na ji, na kuma ɗauki alkawari."

Ban ji nauyin alkawarin ba ko kaɗan. A ganina mutumin da ke cikin jirgi me zai haɗa shi da ruwa? Da zan fita da asubar, Inna ba ta leƙo ba. Murja ce ta biyo ni soro da ƙullin dambun nama da ƙuli-ƙuli da yaji, ta ce, "An ce a ba ka." Ban tambayi wanda ya ce ba.

Hanyar Kano

A tasha na samu gaban mota, kusa da direba, wani dattijo mai suna Malam Iro wanda ke tuƙi da goro a kumatu. Muka wuce Caranci gari yana wayewa, manoma sun duƙufa shuka, ƙasa tana ƙamshin ruwan jiya. Kafin Kankiya wani ɗan sanda ya tsayar da mu, ya ga babbar jakata ya ce, "Malam, ina zuwa?"

Na ce, "Sawo Tome."

Ya ce, "A wace ƙaramar hukuma take?"

Na ce tsibiri ne a tsakiyar teku. Ya dubi Malam Iro, Malam Iro ya dubi gabansa. Ɗan sandan ya ce Allah ya kiyaye hanya, da irin muryar da ake yi wa mara lafiya sannu. Da muka yi gaba Malam Iro ya ce, "Kai kuwa mi ka rasa a Katsina?" Na fara yi masa bayanin iskar da ke ɗauko damina, har muka wuce Tsanyawa da Bici ban gama ba. Da muka shiga Kano da hantsi ya ce, "To, ka gaishe su."

Legas da Akara

Daga Kano jirgin sama na shiga zuwa Legas bayan azahar. Da za mu sauka na leƙa taga na ga tekun da nake zanawa da alli. Na yi ta neman inda ya ƙare ban gani ba, sai na rufe tagar. Na kwana a wani ƙaramin masauki kusa da filin jirgi, inda aka kawo mini shinkafa da miya mai barkonon da ya sa na yi ta share ido, na kuma biya kuɗin da a Katsina zai ciyar da mu duka gidan.

Washegari muka tashi zuwa Akara, babban birnin Gana, inda za a sauya jirgi. A wurin jira wani saurayi kakkaura ya ga tambarin shirinmu a jakata, ya miƙo hannu. Sunansa Tamuno, daga yankin Neja Delta, ɗan masunta. Ya ce shi kafin ya iya tafiya ya iya iyo. Na ce ni kuma har yanzu tafiyar kawai na iya. Ya yi dariya har da buga cinya, yana tsammanin barkwanci nake.

Sawo Tome

Da la'asar muka sauka. Abu na farko da ya ruɗa ni shi ne agogo, don sun bi bayanmu da awa guda, sai na rasa lokacin wa zan bi in yi sallah. Na biyu harshe, don Fotugis suke yi. Na yi wa direban bas ɗin da ya zo ɗaukarmu sallama, na tambayi gajiya da iyali da aiki da Turanci, ya amsa duka da kalma ɗaya, "Lebi-lebi." Tamuno ya ce ma'anarta a bi a hankali. Haka kuwa ya tuƙa mu, a hankali, ta cikin kurmin da ban taɓa ganin kore irinsa ba. Ayaba da koko da kwakwa sun rufe ko'ina, babu fili ko na shanya. Na yi ta tunanin inda makiyayi zai bi da garke a ƙasar nan, ban samo ba.

Masaukin namu bukkoki ne jere a bakin teku, masu rufin ciyawa. Na tsaya ina kallo. Irin ɗakin da Inna ta baro a ruga ke nan, wanda har gobe take gode wa Allah da ya raba ta da yoyonsa, ga shi nan Turawa sun ƙetaro duniya suna biyan kuɗi su kwana ciki. Bambancin dai na nan akwai na'urar sanyaya ɗaki da gado mai laushi. Aka haɗa ni ɗaki da Tamuno, aka ɗaura wa kowannenmu wata roba shuɗiya a hannu, irin wadda ake sa wa jarirai a asibiti. Ba wanda ya gaya mini amfaninta.

Da lokacin cin abinci ya yi, na tarar da teburi dogo cike da kwanoni. Na nemi kujera na zauna ina jira a ce bismillah. Ma'aikata suna wucewa suna yi mini murmushi, ina mayar musu. Ba wanda ya kawo, ba wanda ya ce in matso. Na ce a raina ko mun yi wani laifi ne. Na koma ɗaki na buɗe dambun Inna. Tamuno ya shigo yana sakace, ya gan ni, ya riƙe kai. Ashe robar hannun nan ita ce bismillar, duk mai ita zai je ya ɗiba da kansa, ko sau nawa ne. Ni kuwa a tarbiyyata, baƙon da ya buɗe tukunyar masu gida da hannunsa sai a yi shekara ana ba da labarinsa.

Daga ranar na koyi ɗiba, amma ina yi ina waige. Kifi na riƙe, don gudun abin da ban sani ba, da wani ɗan itace da suke gasawa mai ɗanɗanon doya. Da na barbaɗa masa yajin gida sai ya zama abinci.

Wasu abubuwan har na baro ban gane su ba. Kullum da safe ma'aikata suna share yashin bakin teku da manjagara, ruwa ya zo ya ɓata, gobe su sake. Mutane kuma suna barin inuwa mai kyau su je su kwanta cikin rana kusan tsirara, sun shafa mai. Ni da na zo daga garin da ake rigima kan gindin dalbejiya, sai na riƙa wucewa ina kallon sama.

Maganar gwaji

Ni a zatona hutu aka kawo mu, da ɗan jawabi. Washegarin saukarmu da safe aka tara mu a wata rumfa. Wata mata doguwa mai furfura, Madam Katarina, wadda ke kula da lafiyar mutanen jirgi, ta tsaya da wata riga mai ruwan lemo a hannu. Ta ce rigar tana hana nutsewa. Ta ce abin da ya kawo mu nan ke nan: kowa zai koyi shiga ruwa da ita a tafkin wanka na masauki, sannan ranar Juma'a da safe kowa zai yi tsalle daga kan gadar katako zuwa cikin teku, ya yi iyo zuwa wani kwalekwalen roba, ya hau. Wanda bai yi ba, ba zai shiga jirgi ranar Asabar ba, za a mayar da shi gida.

Ɗalibai suka yi ta tafi. Ni kuwa ban tafa ba. Tsoron tekun yana nan, ba zan ɓoye ba, amma ba shi ya fi damuna ba. Muryar Inna nake ji tana cewa ko da wasa.

Da aka tafi tafki na sa rigar a kan kaftanina na zauna a kujera. Madam Katarina ta zo ta tsuguna gabana ta tambaya ko ba ni da lafiya. Na ce lafiyata ƙalau. Ta ce ko addini ne. Na ce addinina bai hana iyo ba.

"To mene ne?"

"Mahaifiyata ce ta hana ni shiga ruwa, na kuma yi mata alkawari."

Ta yi murmushi ta ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Kira ta ka yi mata bayani."

"Ba ma magana da ita."

Fuskarta ta sauya. "Ayya. Kun ɓata ne?"

"A'a, lafiya lau muke zaune, gida ɗaya."

"Tun yaushe ba kwa magana?"

"Tun da aka haife ni."

Na yi ƙoƙarin bayyana mata cewa wannan girmamawa ce, ba gaba ba, amma ina cikin bayanin sai na ji ni ma na fara ruɗewa, don ban taɓa faɗarsa da baki ba, kuma da Turanci sai ya fito kamar ciwo. Ta miƙe ta ce tana tausaya mini, amma teku bai san wannan ba. Ta ba ni zuwa Juma'a.

A ɗaki Tamuno ya ce, "Ɗan'uwa, wa zai gaya mata? Ka faɗa ka fito, shi ke nan." Na ce ba wanda zai gaya mata. Ya ce to? Na ce ni zan sani, kuma duk abin da na samu a duniya da albarkar matar nan na same shi, ba zan fara karatun teku da karya maganarta ba. Ya girgiza kai ya ce shi mahaifiyarsa da hannunta ta jefa shi kogi.

Gwaggo

Na kira Gwaggo Habi. Sai da muka gaisa tsaf, ta tambayi hanya da gajiya da baƙunta da abincin ƙasar da ko akwai Musulmi, kuɗin waya yana ta zuba, sannan na samu na faɗi abin da ke tafe da ni. Ta yi salati ta ce, "Wagga ba maganar aike ba ce. Bari in tahi da kaina."

Na yini a kujerar bakin tafki ina kallon mutanen ƙasashe suna facal-facal. Washegari na sake kira.

"Na je, Lawal. Mun gaisa, tana lahiya. Na ce ka sauka."

"Maganar ruwan fa, Gwaggo?"

"Na iske kanta na ciwo. Ba a kai ma mai ciwon kai magana irin wagga. Kai dai yaro ne."

A nan ya kamata in tuna halin Gwaggo. Mace ce da ba ta taɓa kai magana mai zafi da zafinta ba. Sai ta fifita ta, ta ƙara mata ruwa, ta sa sukari, har wanda aka kai wa ya sha bai san me ya sha ba. Da wannan halin ta riƙe zumuncin gidanmu tun rasuwar mahaifina, kowa yana yaba mata. Ni ma ina yabawa, sai da abin ya zo kaina.

Ranar Alhamis da hantsi ita ta kira ni, murya wasai. "An gama. Ta ce ka yi wankanka."

Na yi hamdala, na ari gajeren wandon Tamuno wanda ya zo mini har ƙwauri, na ɗaure rigar lemo, na nufi tafki. Ɗalibai suka fara kiran sunana. Na isa matakala, na ɗaga ƙafa, sai na tsaya. Inna ce za ta saki wannan magana cikin sauƙi haka? Matar da ko rijiya aka buɗe sai ta kori yara daga tsakar gida? Na sauke ƙafar a kan siminti, na ce su ba ni minti kaɗan, na koma ɗaki na kira Murja.

Murja ta ce ai tana wurin aka yi. "Gwaggo cewa ta yi masaukinku akwai wurin wanka mai kyau, an ce kowa ya yi wanka kahin a shiga jirgi. Inna ta ce, to da ƙazanta za shi shiga? Shi ke nan hwa, Yaya."

Na zauna bakin gado da rigar a jikina. Izini na samu ko ban samu ba? In na shiga, Gwaggo za ta rantse an yarda. Amma abin da aka yarda da shi bokiti ne da soso. Na kwance rigar na mayar wa Madam Katarina, ta karɓa. Tamuno ya ce shi dai ya daina ƙoƙarin gane mutanen Arewa. Da yamma na fara ninke kayana cikin jaka, ina tunanin fuskar ɗalibaina in na koma, da ta Malam Iro in ya sake ɗauko ni.

Juma'a

Bayan sallar asuba na sake kiran Murja. Na ce kada ta kai saƙo, don na gaji da saƙo. Na ce ta je inda Inna take ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan tabarma. Ta ce, "Yaya, ka san dai ba a yi." Na ce ai da ke zan yi magana, ba da ita ba.

Na ji takun Murja, na ji kaji, na ji ƙarar wake a faifai. Wake Inna take gyarawa.

Na ce, "Murja, ki gaya wa Inna abin da Gwaggo ta faɗa ba haka yake ba. Ba wanka ba ne. Teku ne kansa, wurin da ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Za a sa mini rigar da ke hana nutsewa, in faɗa ciki, in fito. Suna yin haka ne don in jirgi ya samu matsala mutum ya san yadda zai tsira. In ban yi ba za su maido ni gida. Ki ce mata ban shiga ba, ko yatsana bai taɓa ba. In ta ce a'a, gobe ina hanya, kuma wallahi ba zan riƙe ta a raina ba."

Ƙarar waken ta tsaya. Murja ba ta maimaita komai ba, don ba buƙata. Na duba ko layin ya yanke.

Can na ji muryar Inna. "Ki tambai shi, rigar nan, ko mutum bai iya ruwa ba tana riƙe shi?"

Na ce, "Ki ce tana riƙewa."

"Ko ruwan na gudu?"

"Ko yana gudu."

"Ko yaro ne?"

Na gane ba ni take tambaya a kai ba. Na ce, "Akwai ta yara ma."

Sannan ta ce, "Ki ce mashi ya shiga. In ya hito a sanar da ni."

Da hantsi muka jeru a kan gadar katako. Ni ne na ƙarshe. Madam Katarina ta ja igiyoyin rigata ta ce, "An yarda?" Na ce an yarda. Ta ce, "Kun yi magana?" Na ce, "A'a." Ta nuna mini bakin gada.

Ba zan yi ƙarya in ce da jarumtaka na faɗa ba. Na karanta duk addu'ar da na haddace, har da ta shiga kasuwa, na toshe hanci, na taka iska. Ruwa ya rufe kaina, gishiri ya cika mini baki, na ce shi ke nan. Sai na ji an ɗago ni sama kamar an kamo ni ta wuya, ga rana, ga gajimare, ga Tamuno yana ihu daga kwalekwale. Na yi ta dukan ruwa ina juyawa wuri ɗaya, sai da aka ce in kwanta da baya in yi lebi-lebi. Da na kwanta na ji ruwan ya ɗauke ni, da ɗumi kuma, ba yadda na zata ba. A nan Sambo ya faɗo mini a rai, mutumin da ban taɓa gani ba, na yi kuka ba wanda ya lura, don kowa fuskarsa a jiƙe take. Mutum uku suka jawo ni cikin kwalekwalen, wandon Tamuno ya kusa zama a teku.

Ina fitowa na kira Murja. Ta ce tun da na kashe waya Inna ta hau abin sallah ba ta sauka ba. Na ji ta gaya mata. Na ji Inna ta ce, "To." Sai kuma ta ce, "Wa ya bar ma kaji waken nan?"

Cikin jirgi

Ranar Asabar muka shiga jirgi. Gwaggo ba ta yi ƙarya ba a nan, gidan bene ne, sai dai gidan da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Makon farko na yi shi ne rungume da bokiti. Bayan nan na warware, na shiga aji, na koyi auna zafin ruwa da gishirinsa, na ga da idona yadda hadari ke haɗuwa a kan teku ya kama hanyar arewa. Duk wanda na gani sai in ce ko wannan na gonakinmu ne. Labarin jirgin mai tsawo ne, ɗalibaina sun sha shi har sun gaji. A tashar Tema ta ƙasar Gana muka sauka da zangon ya ƙare. Muka rabu da Tamuno a Legas, ya ce in gaishe da Inna, ta bakin wanda ya dace.

Gida

Na shigo Katsina da la'asar, cikin kaka, dammunan gero jingine a bakin hanya. Gwaggo ta tare ni a soro da guɗa, tana gaya wa maƙwabta yadda ta sha wahala kafin ta shawo kan Inna. Ban ƙaryata ta ba, na ba ta turmin atamfar da na sayo mata. Na shiga na durƙusa bakin ƙofar Inna na gaishe ta. Tana daga ciki, bayan labule. Ta ce, "Murja, ki tambai shi ko ya ci abinci." Komai ya koma yadda yake, na kuma ji daɗin haka.

Aka yi ta shigowa sannu da zuwa har rana ta yi sanyi. Gwaggo ta tafi gida, Murja ta fita kai ɗinki. Tsakar gida ya rage daga ni sai kaji. Na tashi zan ɗauki buta, sai na ji motsi a bayan labule.

"Da sanyi?"

Na waiga. Babu Murja, babu Gwaggo, babu wanda za a ce ya tambaye ni. Na ajiye butar na durƙusa.

Na ce, "A'a, Inna. Da ɗumi."

Na ɗauka ta gama. Sannan ta ce, "Shekara da shekaru ina tunanin sanyin da ya ji."

Na san ruwan gulbi cikin damina ba ruwan Sawo Tome ba ne. Malamin labarin ƙasa ne ni, zan iya bayanin bambancin har da zane. Ban yi ba. Na ce, "Allah ya jiƙansa." Ta ce amin. Ladan ya kira magariba, na ɗauki butata.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa Murja da ta ajiye waya a kan tabarma, da Gwaggo Habi bisa niyyarta, da Tamuno bisa wandonsa. Inna kuwa, wanda ya karanta wannan a cikinku, in ya bi ta Ƙofar Ƙaura, ya ce mata wancan ya gode.